Jar Gadar Forth, Giwar Gadojin Jirgin Ƙasa

Tun kafin mu yi nisa bari in cire muku kokwanto: duk mai neman sharhin alƙalin da ba shi da ɓangare, ya nemi wani marubucin. Ni ɗan gani-kashe-nin gadar Forth ta Sikotland ne, kuma ba na jin kunyar faɗa. Hotonta ne a fuskar wayata, shi ne a bangon ɗakin karatuna, har uwargida ta taɓa tambayata ko dangina ne suka ƙera ta. An ce so hana ganin laifi. To, na gano mata laifi ɗaya ko biyu, zan kuma faɗe su, amma ku sani da ƙyar za su fito daga bakina.

Ku da muke tarayya a wannan ciwo na son layin dogo, ku da ƙarar tarago a kan gada ke sa ku tsame hannu daga kwano ku kasa kunne, kun san yadda abin ke kama mutum. Ni a Makurdi ya kama ni ina yaro, ranar da jirgi ya ratsa da mu ta cikin tsohuwar gadar Kogin Binuwai. Na manna goshi a taga ina kallon ƙarafa suna wucewa, alwatika bayan alwatika, ruwa yana ƙyalli ta tsakaninsu, ƙarar ƙafafun jirgin ta canza murya ta koma irin ta gangar da ba komai a cikinta. Shekaru da yawa bayan haka na gano cewa kamfanin da ya gina waccan gada, wadda aka buɗe a 1932, na Sir William Arrol ne na Gilasgo, mutumin da ya haɗa ƙarafan gadar Forth. Ashe ƙaramar 'yar gidan na fara so kafin in ga uwar ɗakin.

Ranar da zan gan ta ido da ido, ɗan yayata da ke karatu a Edinbara ne ya yi mini jagora. Muka hau jirgi a tashar Waverley, ko minti ashirin ba mu yi ba muka sauka a Dalmeny, muka bi wata 'yar hanya ta cikin itatuwa muna gangarawa bakin ruwa. Kafin ka ga gadar kanta, ƙafafun gadar share-fage kake fara gani, dogayen ginshiƙai na dutsen giranit, sirara daga sama, masu kauri daga ƙasa, a jere kamar dogarai. Sai itatuwa suka ƙare, sarari ya buɗe, sai ga ta. Ja wur, gabjejiya, mai tozo uku, ta miƙe a kan ruwan toka-toka kamar raƙuma uku sun kama wutsiyar juna suna ƙetare teku, ko'ina ƙarfe ya ratsa ƙarfe, ko'ina sama tana leƙowa ta tsakanin saƙar. Na tsaya baki buɗe. Yaron ya ce, "Kawu, lafiya?" Na ce masa ya yi mini shiru.

Gani ya kori ji, amma ga alƙaluman don masu son su, na kuwa san duk kuna so. Tsawonta mita 2,467, wato kusan kilomita biyu da rabi. Ƙololuwar kowane tozo mita 110 ne daga saman ruwa idan teku ta cika. Jirgin ƙasa yana bi ta cikinta a tsayin mita 46, don manyan jiragen ruwa su wuce ta ƙasa ba tare da sun sunkuya ba. Manyan tazarori biyu da ba su da ko ginshiƙi ɗaya a tsakani, kowace mita 521. Ƙarfen sitil da ta ci ya haura tan 50,000, ƙusoshin ribit kuwa wajen miliyan shida da rabi. Kuma a ranar 4 ga Maris, 1890 aka buɗe ta, lokacin ko layin dogo na Legas ba a fara shimfiɗawa ba. Hasumiyar Eiffel ta Faransa, wadda duniya ke ta zuzutawa, da shekara ɗaya tak ta girme ta, ƙarfen jikinta tan 7,300 ne, kuma ba sitil ba ne, ƙarfen ƙira ne irin na da. Sannan me take ɗauka? 'Yan yawon buɗe ido da kyamarorinsu. Tamu kuwa jiragen ƙasa wajen 200 take goyawa a kullum.

Abin da ya sa nake mutuwar sonta ba girman ba ne kawai. Gada ce da ba ta da rufa-rufa. Idan ka tsaya ka ƙare mata kallo, da idonka za ka karanta aikin kowane ƙarfe, ba sai injiniya ya zana maka a allo ba. Duk inda nauyi ke dannawa, sun sa bututu, ƙato, mulmulalle, rufaffe. Manyan cikinsu faɗin bakinsu ƙafa 12, kusan mita 3.7, wato ƙaramar mota za ta shige ciki ta yi tafiyarta. Duk inda ake ja kuwa, sun sa saƙar ƙarfe mai huji-huji kamar asabari, marar nauyi, wadda iska ke ratsawa ta wuce. Dalili a fili yake. Ɗauki karan dawa ka danna shi daga kai biyu, zai lanƙwashe ya karye. Ja shi kuwa, sai ka gaji. Abin da ake dannawa yana bukatar kauri da zagaye don kada ya goce, abin da ake ja ko siriri ne ya wadatar. Sannan duka an ɗaure su alwatika-alwatika, domin ita alwatika ba ta karkacewa sai dai ɗaya daga cikin gefunanta ya tsinke ko ya karye, saɓanin murabba'i da ko ɗan yaro ya tura shi sai ya kwanta. Wannan shi ne sirrin tiras gaba ɗayansa, daga kan rufin da kafinta ke haɗa maka har zuwa nan. Bambancin kawai, a nan an yi shi da girman da ke sa gwiwa sanyi.

Shi kuma tsarin kantiliba, wanda sunansa ke tsorata mutane, ɗan ga-ruwa ya riga kowa saninsa. Sanda a kafaɗa, garwa a gaba, garwa a baya, kowace tana riƙe da 'yar'uwarta. Haka kowace hasumiya daga cikin ukun take: ta tsaya a kan ƙafafu huɗu na giranit, ta miƙa hannu dama da hagu, kowane hannu mita 207, nauyin wannan yana daidaita na wancan. Hannun wata hasumiya da na maƙwabciyarta ba sa taɓa juna. An bar giɓi, an ɗora wata 'yar gadar tiras mai mita 107 a kan yatsunsu. Ku haɗa da kanku: 207 da 207 da 107, ga 521 ɗinku nan cif. Hannuwa biyu na can gefe, masu kallon tudu, an danne su da nauyi a cikin manyan ginshiƙan dutse, don idan jirgi ya hau tsakiya kada sandar ɗan ga-ruwa ta ɗaga. Ita kuwa hasumiyar tsakiya, wadda ke kan duwatsun tsibirin Inchgarvie, ba ta da inda za ta jingina ko ta wane gefe, sai aka faɗaɗa mata tsakanin ƙafafu fiye da sauran biyun don ta riƙe kanta da kanta. Da yawa ba sa lura da wannan. Ni sai da na shiga kwale-kwalen yawo, muka bi ta ƙarƙashinta, sannan na gani da kyau, na kuwa yi kabbara har wata dattijuwar Baturiya ta juyo.

Kyawun wannan tsari ga maginin shi ne ba ya bukatar tokara daga ƙasa. Ruwan wajen yana da zurfi, ga igiya, ga jiragen ruwa suna kai da komo, ba inda za ka kafa katakon tallafi. Sai aka gina hasumiyoyin tukuna, sannan aka riƙa tsawaita hannuwan kaɗan-kaɗan, a ƙara nan a ƙara can, kowane sabon gunduwa yana rataye a jikin na bayansa, har suka sadu a sararin sama. Duk wanda ya taɓa kallon yadda maginan gargajiya ke ɗaure bakan soro da azara, suna miƙo ta daga bango biyu hawa-hawa har ta haɗu a tsakiya, irin aikin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya bari a Masallacin Juma'a na Zariya, ba zai ga baƙon abu a wannan tunani ba.

Akwai hoton da duk masoyin wannan gada ya haddace. Benjamin Baker, wanda shi ne ƙwaƙwalwar zanen, ya so ya fahimtar da mutanen da ba su san lissafi ba a wata lacca da ya yi a Landan a 1887. Sai aka zaunar da mutum biyu a kan kujeru, kowanne ya miƙa hannuwansa gefe da gefe yana riƙe da sanduna biyu da gindinsu ke tokare da kujerar. Ta waje aka ɗaure da tarin bulo, ta ciki aka rataya wani ɗan katako, aka zaunar da mutum na uku a kai. Hannuwan mutanen suna jin ja, sandunan suna jin danni, ƙafafun kujeru suna kai nauyin ƙasa. Shi ke nan, an gama lacca. Na tsakiyar wani matashin injiniya ne ɗan Japan, Kaichi Watanabe, wanda ya yi karatu a Gilasgo, yana zaune abinsa a natse kamar mai jiran shayi. Na gwada wannan wasa a gida da yarana da sandunan tsintsiyar bature. Ba zan ba ku labarin yadda aka ƙare ba, amma kujera ɗaya ta riga mu gidan gaskiya.

Me ya sa aka zuba mata ƙarfe haka kamar ba a san zafin kuɗi ba? Tsoro ne ya haife ta. Wanda aka fara ba aikin ƙetare wannan ruwa shi ne Sir Thomas Bouch, injiniyan da tauraronsa ke haskawa a lokacin. Shi ne ya kawo jirgin fito mai ɗaukar taragai tsakanin Granton da Burntisland tun 1850, shi ne kuma ya gina doguwar gadar Tay a can arewa kusa da Dundee, wadda aka buɗe a 1878, Sarauniya Victoria ta bi ta kai, aka ba shi sarautar Sir. Ya zana wa Forth gadar lilo, mai rataye da sarƙoƙi, har an aza harsashi. Sai daren Lahadi 28 ga Disamba, 1879, guguwa ta taso, tsakiyar gadar Tay ta rufta cikin ruwa da jirgin fasinja a cikinta. Ko rai ɗaya bai tsira ba. An daɗe ana cewa mutum 75 ne, sunaye 59 aka tabbatar. Kwamitin bincike ya samu aibi a zanen, da ginin, da kulawar, aka kuma gano cewa ba a yi wa ƙarfin iska tanadin kirki ba. Bouch bai cika shekara ba bayan haka ya rasu. Guntun ginshiƙin gadarsa ta Forth yana nan har yau kusa da Inchgarvie, ƙarƙashin inuwar jar gada, an ɗora masa 'yar fitilar jiragen ruwa. Da muka wuce ta gefensa sai na ji tausayin mutumin ya kama ni.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Mutanen Sikotland ba za su yarda su hau wata siririyar gada ba kuma, komai rantsuwar injiniya. Hukuma ta ce dole sabuwar gada ta jure iskar da ke danna laba 56 a kan kowace ƙafa murabba'i. Sir John Fowler, dattijon da ya gina layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na farko a Landan a 1863, da abokin aikinsa Baker, wanda bai daɗe da haura arba'in ba, suka gane cewa ƙarfi kaɗai bai isa ba, sai an gan shi. Baker har allunan auna iska ya kakkafa a Inchgarvie yana rubuta abin da suka nuna. Ku dubi gadar daga gaba, ta inda jirgi ke shiga, za ku ga hasumiyoyin sun buɗe ƙafa a ƙasa, ƙafa 120, sun tsuke a sama, ƙafa 33. Tsayuwar ɗan dambe ke nan a tsakiyar fage, ya turje, yana cewa iska ta zo in ta isa. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa, to wannan ta ninka arba'in sau uku ta ɗora, yatsunta ko ɗaya bai guntule ba.

Masu ƙorafi suna cewa an yi almubazzaranci, wai da rabin wannan ƙarfe ma da an ƙetare, wai shi ya sa ba a cika kwaikwayonta ba, ga kuɗi sama da fam miliyan uku na wancan zamani. Na ji. Amma a Kanada an gwada yin irinta a kan Kogin Saint Lawrence da ƙarancin ƙarfe, gadar Quebec, ta rushe ana cikin gini a 1907 ta ci mutum 75, a 1916 kuma tsakiyarta ta suɓuce ana ɗagawa ta ci 13, sai a 1917 aka kammala. Ita ce ta ƙwace kambin tazara mafi tsawo da mita 549, ta bar tamu a ta biyu har yau. Mita 28 kacal! Ba na gaba da ita, amma ba na ajiye hotonta. Shi kuma William Morris, mashahurin mai zanen ƙawa na Ingila, cewa ya yi ba a taɓa yin abu mai muni kamarta ba. Mutumin da aikinsa zana furanni a takardar manna wa bango, me ya sani game da kyan giwa?

Inda zuciyata ta fi karkata kuwa shi ne wajen Arrol da mutanensa. Shi ba ɗan jami'a ba ne. Yana ɗan shekara 9 ya shiga aiki a masaƙar auduga, daga baya ya zama yaron maƙeri, ya san zafin wuta da nauyin masaba tun kafin ya san ofis. Wannan maƙeri shi ne ya riƙe kwangilar sabuwar gadar Tay, da ta Forth, da ƙarafan Tower Bridge ta Landan, ayyukan suna hawa kan juna. Idan aiki ya gagara, sai ya ƙirƙiro masa inji. A kan tudun Queensferry, garin da ke bakin gadar, ya kafa wata ƙatuwar maƙera, inda ake gasa fallayen sitil a lanƙwasa su da injin matsin ruwa, a huda kowane rami da dirila, a gwada haɗa gunduwoyin a ƙasa a tabbatar sun zauna kafin a kai su sama. Ya ƙera injin buga ribit da ke hawa jikin bututun yana bin sa yayin da yake tsawo. Har gadojin share-fage ba ɗaga su aka yi lokaci guda ba: an haɗa su a ƙasa-ƙasa, a ɗaga da jak, magina su cike dutse a ƙarƙashi, a sake ɗagawa, a sake cikewa, har suka kai inda suke. Dabara kamar ta gizo.

Ku tsaya ku yi tunanin ribit ɗaya. Yaro yana gasa ta a 'yar maƙera har ta yi ja kamar gauta, a cafke ta da awartaki a miƙa, a zura ta cikin rami, wani ya tokare kanta ta baya, wani ya daddage ɗaya bakin har ya zama kai na biyu. Idan ta huce sai ta tsuke, ta matse fallayen biyu matsewar da ba noti da zai yi. Babu walda a nan. Yanzu ku maimaita wannan sau miliyan shida da rabi, a kan katako mai santsi, mita ɗari a sama da ruwa, cikin iskar da ni da rigar sanyi biyu da hula ta sa ni hawaye a bakin gaɓa. Ta ƙarshen ce kawai aka shafa wa zinariya, Yariman Wales, wanda daga baya ya zama Sarki Edward na Bakwai, ya sa ta ranar buɗewa. Guda ɗaya ya buga, shi aka yi wa tafi.

Na ƙarƙashin ruwa sun fi ba ni tsoro. Kun san yadda mata ke kifa ƙwarya a kan ruwa don kiɗa, iska ta maƙale a ciki? To haka aka yi, sai dai ƙwaryar ta ƙarfe ce, faɗinta mita 21. A jawo ta a kan ruwa, a nutsar da ita da nauyin kankare, a hura iska mai ƙarfi cikin ɗakin da ke gindinta don ta kore ruwa, mutane su sauka ta bututu su riƙa haƙa ƙasa a hasken lantarki, gangar tana nitsewa da su sannu a hankali har ta taka tsandauri, a wani wurin kusan mita 27 ƙasa da saman ruwa. Yawancin masu wannan aiki baƙi ne daga Italiya da Beljiyam da Faransa, waɗanda suka saba da shi. Da yumɓun ƙasan ya gagari shebur, Arrol ya ƙera musu shebur mai aiki da matsin ruwa, wanda ke tokare da rufin ɗakin yana tsaga ƙasa. Ɗaya daga cikin gangunan ta karkace ta sha ruwa a farkon 1885, aka kwashe wajen wata goma kafin a tayar da ita.

A ganiyar aikin ma'aikata sun kai 4,600. An daɗe ana cewa 57 ne suka mutu, sai masu binciken tarihi na garin Queensferry suka bi takardu suka tattaro sunaye 73. Wasu faɗowa suka yi, wasu abu ya faɗo musu, wasu ruwa ya ci, a cikinsu har da yara masu miƙa ribit. Sai a 2012 aka kafa musu allunan tunawa a gaɓa biyu. Ga laifi na farko da na ce zan faɗa, shekara 122 kafin a rubuta sunan talaka. Na tsaya gaban allon na karanta sunayen duka, ɗan yayata yana rawar sanyi a bayana bai ce uffan ba.

Wani abin da ke burge ni, gadar tana numfashi. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi, don haka an bar mata wuraren zamewa, har 'yan gadojin tsakiya an sa gefe ɗaya nasu yana iya motsi. Lokacin haɗa tsakiyar a ƙarshen 1889, sai da aka jira yanayi ya yi daidai kafin ramuka su dace da juna, da rana ta yi rowa har wuta aka hura a jikin ƙarfen don ya miƙe. A watan Janairun 1890 aka jera jirage biyu gefe da gefe, kowanne da kawuna uku da taragai 50 shaƙe da kwal, nauyin da ya haura tan 1,800, aka tura su kanta a hankali ana aunawa. Ko gezau.

Fentin kuwa labari ne mai zaman kansa. Turawan Birtaniya sun mayar da shi karin magana: in aiki ba ya ƙarewa sai su kwatanta shi da fentin gadar Forth, wai kafin a kai ƙarshe farkon ya koɗe. Gaskiyar ita ce akwai ma'aikata na dindindin da ke bin inda gishirin teku ya fi ci suna gyarawa. Daga 2002 zuwa Disambar 2011 aka kankare tsohon fentin har kan ƙarfe, aka shafa sabo mai hawa uku irin na rijiyoyin mai na cikin teku, lita 240,000, wanda aka ce zai kai shekara 25 ko fiye. Suka kashe wa mutane karin maganarsu, amma ba su taɓa launin ba, wannan jan da ke tsakanin jar ƙasa da goron da aka tauna, mai yin duhu cikin ruwan sama, mai kama da garwashi in rana za ta faɗi. Ina kallonsa ina tuna tsatsar da ke cin namu tsofaffin gadojin, na haɗiye abin da ya taso mini.

Ta ga duniya, ba shakka. A ranar 16 ga Oktoba, 1939 jiragen saman Jamus suka kai harinsu na farko a kan Birtaniya a Yaƙin Duniya na Biyu, a nan gefenta, jiragen ruwan yaƙi suke hari, fasinjojin wani jirgi da ke kan gadar suna kallo ta taga. Mai shirya fina-finai Hitchcock ya sa ta a fim ɗinsa The 39 Steps na 1935. An buga ta a jikin kwabon fam ɗaya a 2004, UNESCO ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a Yulin 2015. An yi mata ƙanne biyu a gefe, gadar mota ta lilo a 1964 da Queensferry Crossing a 2017, sirara, 'yan gayu. Ba laifi, suna da kyau irin nasu. A shekaru da dama da suka wuce sai da aka rufe gadar 1964 na 'yan makonni saboda tsagewar ƙarfe, kun san wa ta kwashi jama'a? Tsohuwa.

Laifi na biyu: ba a hawa ta da ƙafa. Jirgi kaɗai, sai ko wasu ranaku ƙalilan da wata ƙungiyar agaji ke hawa da mutane ƙololuwar hasumiyar arewa don tara gudummawa, ni kuwa zuwana bai dace da su ba. Kuma a cikin jirgi ba ka ganin komai na siffarta, ƙarafa ne kawai ke gilmawa ja-ja-ja, ruwa can ƙasa, kafin ka gyara zama minti biyu zuwa uku sun cika an fito. Don haka shawarata ga duk wanda Allah ya kai shi: ƙetara, sauka a North Queensferry, gangara cikin ƙauyen. A nan gadar take tsallake rufin gidaje, ka je har kusa da gindin hasumiyar arewa, ka ɗaga kai har hularka ta faɗi, ka ga kawunan ribit a jere layi-layi kamar ɗinkin hular zanna, ka jira. Can za ka ji ta fara gunji tun jirgin bai bayyana ba, wata doguwar tsawa mai taushi da ke bi ta cikin bututun ta sauko har tafin ƙafarka, sannan ka hango jirgin can sama, ɗan mitsitsi, kamar ƙadangare a jikin kuka.

A da fasinjoji kan jefa kwabo ta taga in sun kai tsakiya. Na tanadi nawa a aljihu, ba don camfi ba, don dai in shiga sahu, sai na tarar tagar taragon da muka shiga ba ta buɗewa. Muka ƙetara sau huɗu a ranar, biyu zuwa biyu dawowa. Da magariba ta kawo jiki aka kunna mata fitilu, muna tsaye a dandamalin Dalmeny, na ce wa yaron ko za mu ƙara ɗaya. Ya dube ni, ya dubi agogo, ya ce, "Kawu, don girman Allah, gobe ina da jarrabawa." Kwabon yana nan a cikin durowata.